Minti Uku na Mai Agogo

Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran agogo a rumfa ɗaya, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da katin waya, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Agogo, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Kayan aikinsa ba su wuce ƙaramin tebur mai rufin gilashi ba, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido, da gwangwanin ƙananan kusoshi. Mutum ne mai sanyin hali. Ko kare ya hango a bakin layi sai ya sake hanya. Sai dai Allah ya ba shi fuskar da ba ta yi kama da halinsa ba: dogon tabo daga gefen ido har haɓa, wanda ya samu a faɗuwar keke tun yana yaro, ga idanu kullum jajaye saboda ƙura wa ƙananan ƙarafa ido.

Bayan aikinsa, babu abin da yake so kamar wasan kwaikwayo. Duk Asabar da yamma yana ɗakin taron makarantar unguwa, inda wata ƙungiya take gwaji. Bai taɓa hawa dandamali ba, shi ne mai jan labule da jera benci. A nan wani darakta ya gan shi, ya tsaya yana kallonsa kamar ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Baba, fuskar nan taka nake so a fim ɗina. Ba magana za ka yi ba. Ka miƙa wa yarinya alewa, ka kama hannunta, ka waiwayo sau ɗaya. Shi ke nan."

Da ya gaya wa matarsa, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Kai da ko kaza ba ka iya kamawa, yau kai ne ɓarawon yara?"

Fim ya fito, fitowar Mai Agogo a ciki duka minti uku ce. Abin da bai sani ba, bayan wata biyu wani ya yanke wurin nan, ya cire kiɗan da sunan fim ɗin, ya rubuta a sama cewa a kula da wannan mutumin, yara yake sacewa. Abu ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Shi kuwa tasa wayar mai maɓalli ce, ba ta nuna bidiyo.

Wata Alhamis ya tafi can ɗaya gefen gari sayo batura. Yana tsaye a tasha da rana tsaka, ya lura wata mata tana duban wayarta, tana dubansa. Ta jawo ɗanta bayanta. Ta nuna wa na kusa da ita, shi ma ya ɗago kai.

"Wallahi shi ne! Ga tabon nan!"

Mai Agogo ya waiwaya ya ga wa ake nufi. Kafin ya gane, wani ya shaƙe masa wuyan riga. Da dutsen farko ya same shi a kafaɗa, ya fizge, rigar ta yage, ya ruga. Takalminsa ɗaya ya fita. Ihu na bin sa a baya, "Ɓarawon yara! A tare shi!" Ƙofar da ya fara gani a buɗe ta kantin magani ce, ya faɗa ciki har da ture ma'aunin nauyi. Mai kantin, wata dattijuwa mai tabarau, ta leƙa waje sau ɗaya, ta jawo ƙofar ƙarfe ta datse.

Duwatsu suka fara sauka a kan ƙofar, kwalabe na rawa a kan kanta. Ya ji wani a waje yana cewa a kawo taya da fetur. Ya durƙushe bayan katan-katan na magani. Ya ciro wayarsa zai kira matarsa.

Dattijuwar ta sa masa wayarta a gaban ido. "Malam, ka gaya mini gaskiya. Kai ne wannan?"

"Ni ne, Hajiya. Amma fim ne. Na rantse da Allah fim ne."

Ta dube shi, ƙofar na lanƙwasowa ciki. Sannan ta karɓi wayarsa ta kira 'yan sanda, ta kira matarsa.

'Yan sanda biyu kacal suka fara zuwa, suka tsaya a bakin ƙofa suna gumi. Kusan awa guda aka yi kafin matarsa ta iso, ita da darakta da yarinyar da aka sace a fim ɗin, wadda 'yar ƙanwar darakta ce. Aka ɗora yarinyar a kan benci, tana kuka tana cewa ita ce, ba wanda ya sace ta. Wasu suka zubar da duwatsun. Wasu suka ce haɗa baki aka yi. Ta ƙofar baya aka fitar da shi, an lulluɓe masa kai da rigar wani ɗan sanda.

Mako biyar bai leƙa ko ƙofar gida ba. Idan yara suka yi ihun wasa a layi, sai ya zabura ya nemi bayan ƙyaure. Darakta ya ɗauki bidiyon bayani da ban haƙuri ya sake shi, amma waɗanda suka kalle shi ba su kai kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka ga na farkon ba.

Ya koma rumfarsa daga baya, da hula da takunkumi a fuska ko ana zafi. Idan mai kawo gyara ya ɗaga waya kusa da shi, sai ya sunkuyar da kai har mutumin ya gama. Batura yanzu mai gyaran takalma ne yake sayo masa.

Dattijuwar nan mai kantin magani ta aiko masa da agogon mahaifinta da ya shekara goma a tsaye. Kwana huɗu ya yi a kansa har ya tashi. Ya goge shi, ya naɗe a tsumma mai tsabta, ya yi niyyar kai mata da kansa. Ya kai bakin titi, ya hango motar da ke zuwa tashar, sai ya juyo gida. Washegari matarsa ce ta kai.