Tokar da Ke Ƙarƙashin Tsakar Gidanmu

Sana'ata haƙa ce. Fiye da shekara talatin ina haƙa ramin harsashin gini da na bututun ruwa a Jidda, daga unguwar Ammariyya har Sharafiyya. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma ƙasa ta koya mini abu ɗaya: abin da ya riga zuwa yana ƙasa, wanda ya biyo baya yana samansa.

A shekarun 1990 muna haya a unguwar Sa'alaba, ni da matata da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da babbar 'yata da ke karatun tarihi a kwalejin mata. Inna ce ta zaɓi gidan. Ta ce a daidai wannan filin bukkar iyayenta take, lokacin da suka iso daga ƙasar Hausa tana yarinya. Tana da labari guda da take bayarwa kowace Juma'a bayan abincin rana. Wai akuyar maƙwabta ta sha ruwan randar babanta, faɗa ya tashi, maza ɗari uku suka fito da sanduna, aka cinna wa bukkoki wuta, wutar ta kwana bakwai tana ci.

Wata Juma'a tana tsakiyar labarin, 'yata, wadda ke kiran kakarta Sitti da Larabci, ta yi dariya.

"Ya Sitti, halas! Bara maza ɗari biyu ne. Wannan khurafa ce, irin ta Yunanawa da dokinsu na katako."

"Mece ce khurafa?" in ji Inna.

"Tatsuniya."

Inna ta ɗauki carbinta ta shiga ɗaki. Juma'a biyu suka wuce ba ta ba da labarin ba. Ko gaisuwar yarinyar da kai take amsawa. Matata ta ce in tilasta wa yarinya ta ba da haƙuri. Na ƙi, domin haƙurin baki ba zai sa yarinyar ta yarda da labarin ba, kuma Inna za ta gane.

Na kira 'yata na ce ta ɗauko littafin da ta ga dokin a ciki, ta karanta mini daga farko, ba tsallake. Da Larabci yake, inda ya yi mini nauyi tana fassarawa.

Ga abin da na riƙe. Yunanawa, wato Girkawan da, suna da labarin yaƙi da wani birni da Larabawa ke kira Ɗirwada. Wai saboda mace aka yi shi, shekara goma ana kewaye da birnin, a ƙarshe mayaƙa suka ɓuya cikin dokin katako aka shigar da su. An daɗe ana cewa ƙirƙira ce. Sai wani ɗan kasuwa Bajamushe ya je wani tudu a Turkiyya, kusa da mashigar teku, ya sa aka haƙa. Aka tarar da garuruwa kusan tara, wani a kan wani.

"To, an samu ke nan," na ce.

"Ka jira, Baba."

Mutumin ya yi gaggawa. Ya tsaga tudun da rami ɗaya har ƙasa, ya zubar da abin da ke sama. Da ya ga zinariya sai ya ce ta sarkin labarin ce, alhali garin da ya same ta ya girmi yaƙin da kimanin shekara dubu. Waɗanda suka zo bayansa suka bi a hankali. A hawa na shida da na bakwai suka ga ganuwa mai kauri, da alamar gobara, da kawunan kibau. Doki kuwa ba wanda ya gani. Wasu masana ma sun ce in an yi yaƙin, wataƙila a kan hanyar jiragen fatauci ne.

Na ce, "Wannan Bajamushen da a ƙarƙashina yake aiki, da kafin azahar na kore shi. Amma ke ma ba ki karanta littafinki da kyau ba. Bai ce ƙarya ba ce. Cewa ya yi a haƙa."

A lokacin bayyararmu ta cika, wato ramin da ruwan ƙazantar gida ke taruwa. Mai gidan ya ce zai turo leburori ranar Asabar su fasa sabuwa a tsakar gida, su zuba siminti. Na san irin aikinsu, yini ɗaya sun kwashe komai sun loda a mota. Na same shi na ce ya bar mini, zan haƙa da hannuna. Ya ba ni kwana huɗu. Kafilina, wato ubangidana a wurin aiki, ya ba ni hutun kwana uku, na haɗa da Juma'a.

Kafin in taɓa diga na kafa sharaɗi. Inna za ta faɗi abin da ke cikin bukkar, 'yata ta rubuta, a ninke takardar a ba matata. Da ƙyar Inna ta yarda.

"Rubuta, malama mai khurafa," ta ce. "Daɓe na farar ƙasa da ɓawon kifin teku, don ba makuba a garin nan. Duwatsun murhu uku. Dutsen niƙan uwata, daga gida aka ɗauko shi a ka."

Ranar farko na ɗaga tayil, na cire simintin ƙarƙashinsa. Na ja igiya kusurwa huɗu. Taƙi ɗaya nake sauka, in tsaya, in zuba ƙasar a buhu, 'yata ta rubuta lamba a jiki. Ta zo da rariyar kicin, uwarta na faɗa. Ba mu samu komai ba sai murafen kwalba da guntun silifa.

Rana ta biyu muka shiga cikon da aka yi lokacin gina gidan: fasassun bulo, ƙusoshi, gwangwanin madara mai tsatsa. Zafi ya yi tsanani, ga gumin Jidda da ba ya bushewa. Inna ta sa aka fito mata da kujera bakin ƙofa.

"Kai ɗan nan, kabarina kake haƙa ne da cokali?"

"A jere ake yi, Inna."

"Ubanka ma haka yake. Kafin ya jera takalmansa an idar da salla."

Rana ta uku yashi ne zalla, taƙi huɗu ba ko tsinke. 'Yata ta ajiye rariyar. Da la'asar ta leƙo ramin ta ce a hankali, "Baba, in ba a samu ba fa?"

"Sai mu rubuta ba a samu ba."

Ni ma abin yana cina. In ramin ya fito fanko, ni da hannuna na ƙaryata uwata a gaban jikarta. Amma ban sauya taƙina ba.

Ranar Juma'a da hantsi bakin shebur ya fito baƙi. Na ajiye shi na koma da cokalin magini. Toka ce da gawayi, kaurin yatsa biyu, shimfiɗe daga bango zuwa bango. Na share ta gefe guda. A ƙarƙashinta ƙasa ta yi tauri, fara, da ɓaraguzan ɓawon kifin teku a ciki. A kusurwar gabas duwatsu uku na zaune, kowanne da baƙin hayaƙi ta ciki.

'Yata ta diro ramin da abayarta. Ta tono wani faffaɗan dutse a gefe, ta ɗaga shi tana ihu.

"Sitti! Dutsen niƙa! Wallahi shi ne!"

Na karɓa na juya shi. Dutsen murjani ne, irin na gabar nan, mai ramuka. Ko gero ɗaya aka niƙa a kansa zai ruguje.

"Ba shi ba ne."

"Baba, haram alaik, ka bar mata mana!"

"Zinariyar Bajamushe kike so ki ba ta? Rubuta: toka, akwai. Daɓe, akwai. Murhu, akwai. Dutsen niƙa, ba a gani ba. Kwana bakwai da maza ɗari uku, ƙasa ba ta ce komai ba."

Ta rubuta tana share hawaye. Matata ta buɗe takardar farko, aka karanta su biyun a jere.

Inna ta ce a miƙo mata dutse ɗaya na murhun. Ta ɗora shi a cinya, ta shafa baƙin da yatsa, ta daɗe tana kallon yatsan.

"Dutsen niƙan ai uwata ta koma ta ɗauke shi da wuta ta mutu," ta ce. "Na manta ne."

Na tafi masallaci. Da na dawo an ci abinci, na tarar da 'yata zaune a ƙasa kusa da ƙafafun Inna, da littafin rubutu a hannu. Da Hausa ta yi tambayar, ba ta sa Larabci ko ɗaya ba.

"Kaka, akuyar nan wace iri ce?"

"Ja ce, mai kunne ɗaya. Matso ki ji. Maza ɗari huɗu suka fito..."

'Yata ta ɗago ta dube ni. Na ce ta rubuta yadda aka faɗa, ta sa kwanan wata a sama. Sannan na koma ramin, domin saura taƙi shida kafin Asabar.