Ƙugun Babana

Shekarar da jaki ya ka da babana a bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu, ni na raka shi Sinnar aka yi masa hoton ƙashi. Lokacin yana da ƙarfinsa, shi kaɗai yake ban ruwan hawasharsa, gonar audugar da ya gada.

Likita ya ɗaga hoton wajen haske, ya ce babu karaya. Amma bai ajiye shi ba. Ya nuna mana inda kan ƙashin cinya ke shiga ƙugu.

"Ya Hajj, ramin nan ba shi da zurfi, bai rufe kan ƙashin sosai ba. Ga tazarar da ke tsakaninsu ta fara tsukewa. Irin wannan yakan cinye guringuntsi a hankali. Ka rage ɗaukar kaya, ka riƙa zuwa muna dubawa."

Baba yana jin Larabci sarai, amma kalma ɗaya ya ɗauka. Muna fita ya ce, "Kin dai ji, bai karye ba." Ya saya mini lemo, muka hau mota.

Na yi ta tuna masa da maganar likita. Sai ya ce, "Wa za ya buɗe ruwa in na zauna?"

Ciwon ya zo a sannu. Da farko hawa jaki ya gagara, sai ɗaura takalmi. Daga baya zaman tahiya. Ranar da ƙanena ya kai masa kujera masallaci, a ƙarshen sahu, Baba ya dawo bai ci abincin rana ba.

Da muka koma aka yi hoto na biyu, babu tazara ko kaɗan, ƙashi na gogar ƙashi, gefensa ya yi tsiro. Aka ce sai an yi masa aiki a Hartum. Muna cikin shiri yaƙi ya rufe hanya.

Da mutanen ƙauyenmu suka fara gudu, ya ce mu tafi da yara. Na ce za mu ɗora shi a amalanke.

"Girgizar nan ba ni iyawa, ɗiyata. Ku tai."

Inna ta zauna da shi. Muna Damazin labari ya iske mu cewa zazzaɓi ya ɗauke shi. Maƙwabta uku da suka rage ne suka yi masa sutura. Har yanzu ban ga kabarinsa ba.