Rufin Sorona Zai Je Toranke

Tanko magini ya cuce ni, kuma ba na neman kowa ya ba ni haƙuri. Maraƙina na ba shi a kan ya sake rufin soron da tsohuwata take kwana, ya yi alkawari a gaban mutum biyu cewa azarar namijin giginya zai sa. Ya sa ta mace, ya rufe da ƙasa. Damina ɗaya gara ta gama da cikinta. Ran da guntun azarar ya faɗo dab da kan Inna tana salla a zaune, na aika masa garinsu Toranke ya zo ya gyara kafin ruwa ya sauka. Ya aiko cewa in kai ƙara inda na ga dama. Ku da muke ɗaukar karatu tare kun ce in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance. Ga shi, da hannun da bai riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito.

Mun tashi da asuba daga Balan, ni da maƙwabciyata mai daddawa da maigidanta da jakinsu. Guntun azarar na naɗe a tsohon zane na goya shi kamar ɗa. Mutane sun gama sharar gona, ko'ina tulin toka, kowa ya tsaya sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Jakin nan kuwa bai ga kukar da bai tsaya a gindinta ba, har maƙwabciyata ta ce shi ma da alama an taɓa kai shi ƙara Gaya.

Hantsi muka shiga Gaya. Fura ta wuri goma a can ba ta kai rabin tamu ba, amma nononsu ba a yi masa ruwa ba, wannan na shaide su. A zauren alƙali na jira aka gama da wasu mutum biyu masu rigimar rijiya, sannan na kwance goyona. Alƙali ya danna azarar da babban yatsa, yatsan ya nutse.

"Mace ce," in ji shi. "Ina mai aikin?"

"Toranke, Allah gafarta Malam."

Ya mayar mini da guntun da hannu biyu. "Baiwar Allah, ƙasarsu ba ta hannuna. Hakiminsu daban, ɗan aikena ba ya taka can. Wanda ake ƙara, inda yake ake binsa."

Na ce na san wannan, an biya mana a wurin karatu. Ya ɗago ya dube ni sosai, amma bai canja magana ba. Ban ga laifinsa ba. Na ga dai rana tana tafiya.

Muka miƙa arewa da zafin nan na bazara. Rafi ya ƙafe, a kan yashi muka tsallaka, ƙafafuna kamar an gasa. A Gafasa wata Bafulatana ta sauke mu, ta ba mu dambu da man shanu, ta ƙi karɓar ko wuri ɗaya. Da ta ji abin da ya fito da ni ta ce su shi ya sa ba sa kwana a ƙarƙashin ƙasa tun da ransu. Na yi dariyar da rabona da ita tun faɗowar guntun.

Kashegari muka tarar kasuwar Ajingi tana ci. Maƙwabciyata ta baza daddawarta, ni na zaga layin masu azara. Wani tsoho ya nuna mini namijin, baƙi, mai nauyi, ka ƙwanƙwasa ya amsa. Na lura bakin kowace azara da sara, wata biyu, wata gicciye. Ya ce kowane magini da alamarsa, da gizago yake sarawa don kada tulinsa ya gauraya da na wani. Na tambayi ta Tanko. Ya ce uku a jere, duk yankin an sani. Na juya guntuna, ba komai. Daga tsakiya ya karye, bakin yana can binne cikin bango a Balan.

Muka ƙarasa Toranke, alƙalin ɓangarensu ya sa aka kira Tanko, ya zo da sabuwar hula yana taunar goro.

"Iya, duk wannan tafiyar a kan icen hura wuta?" Ya shuri guntun da ƙafa. "Wa ya ce daga aikina ya fito? Kowane juji da irinsa."

"Juji bai ci maraƙina ba, Tanko. Kuma ni ba iyarka ba ce. Da na haife ka da ka san namiji da mace."

Zaure ya ɗauki dariya, alƙali ya tsawatar. Sannan ya ce mini soro abu ne da ba ya tashi, shari'arsa tana inda yake tsaye, shi ba zai yanke hukunci a kan rufin da bai gani ba, kuma ba ya da ikon tura masu dubawa ƙasar wani. Na ce can an turo ni nan, nan ana tura ni can, ina zan tsaya? Ya ce babban alƙali na birni ne kaɗai yake da hannu a kanmu duka biyu. Birni! Kwana biyu zuwa, jiran layi bayan manyan shari'u, kwana biyu dawowa, ruwa kuma ba zai jira ni ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, da jaki mai ciwo ya sayar mini fa?"

"Sai ki jawo shi in gani. Abin da ake iya kawowa, mai shi kuma yana ƙasata, ni nake da shi."

Tanko ya tofar da goro ya ce, "To sai ki ɗauko soron a ka."

Na roƙi alƙali ya maimaita maganarsa a gaban jama'a, ya maimaita, na rubuta ta a gefen takardar karatuna ina jin ana raɗa wai tsohuwa ta iya rubutu.

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai wurin kwana. Muna hango Balan hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya watse bai zubar ba. Na tarar an ƙara tokare rufin da sanda, Inna tana kwance a ƙarƙashi tana jan carbi.

Abin da na koyo a kwana huɗun nan, alƙalai biyu sun faɗi gaskiya, kowa a bakin iyakarsa, kuma a tsakanin iyakokin nan biyu akwai wani fili da macuci yake shimfiɗa tabarma ya ci goro. Masu cewa mace ta bar wa Allah, na bar masa tun farko, shi ne ya ba ni ƙafa. Ƙanena ya ce in na taɓa rufin, ruwa ya sauko, bangon ma zai narke. Na sani. In na bar shi kuma, a kan uwata zai sauko.

Da gari ya waye na goyi Inna na kai ta ɗakin maƙwabciyata, na aika a kira shaiduna biyu, na aro jakai huɗu aka ɗaure a ƙofar gida. Na jingina tsani na hau da kaina da gatari, matan unguwa suna salati a ƙasa. Na farfasa ƙasar bakin bango, na zaro azarar farko, na goge bakinta da gefen zanena. Sara uku a jere. Na miƙa ta ƙasa na ce a ɗora wa jaki.