Irin Doyar Monica

Wanda ya san Maitama ta yau, da dogayen katangunta da masu gadi a bakin kowace ƙofa, da wuya ya yarda cewa a can aka haifi Monica, a ɗakin jinka, kusa da rumbun dawa. Amma haka abin yake. A lokacin Maitama ƙauye ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, kuma Monica ta yi shekara hamsin da 'yan kai a cikinsa ba ta taɓa zaton akwai mai sha'awar waɗannan duwatsu ba, balle a ce gwamnatin ƙasa ce za ta taso tun daga Legas ta zo ta zauna a kansu.

Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. Sun ce nauyin tunani ya ishi kai, ba sai an ƙara masa itace ba. A kafaɗa suke ɗauka, cikin babbar ƙwarya, jiki ya ɗan karkata gefe guda. Tun tana 'yar shekara bakwai Monica ke ɗauka a kafaɗar hagu, ruwa ne, itace ne, doya ce, har wurin ya yi kanta, ya yi tauri kamar tafin ƙafa.

Ranar da ta auri Enoch, uwarta ba ta ba ta zane ko kwano ba. Irin doya ta ba ta, wanda ita ma ta samu daga tata uwar. Doya ce fara sol, mai gari, tana kaiwa damina ba ta ruɓe ba. Ba a sayar da ita a kasuwa, ko suna ba ta da shi, a gida dai ana ce mata ta Kaka. Kowace shekara Enoch ya yi kunya ya shuka, a tsakiyar damina a yanke manyan a bar saiwar a ƙasa, saiwar ta sake fid da ƙanana. Waɗannan ƙananan su ne irin baɗi, kuma ba a tona su sai ganye ya bushe. Shekara talatin Monica tana wannan hidima, ba ta taɓa bari irin ya yanke ba.

Sai ga motoci sun zo sun kwashe ƙauyen kaf zuwa Kubwa. Aka ba su gidajen bulo masu rufin kwano, a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa, har sai da Monica ta yi mako tana shiga gidan maƙwabta. Gida kam an bayar, gonar ce aka manta. Sa'arsu ɗaya, tasu gonar tana bayan wani dutse inda aikin gini bai kai ba tukuna, don haka Enoch ya ci gaba da zuwa can. A farkon 1991 ya yi kunya ya shuka ta Kaka kamar kullum. Da damina ta tsaya, zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi.

A cikin wannan shekarar ciwon da Monica ta daɗe tana rainawa ya ƙi rainuwa. In ta ɗauki kaya ta hau tudu, sai ƙirjinta ya matse, kafaɗar hagu ta ɗauki zugi har zuwa hannu. In ta zauna ta huta, ya lafa. To, wace Bagwariya ce kafaɗarta ba ta ciwo? Ta shafa man kaɗe ta ci gaba da harkarta. Sai ranar da ta durƙushe a bakin famfo 'yarta Lydia ta ja ta asibiti, tana tirjewa.

Likitan matashi ne, sunansa Nuraddeen, sabon zuwa daga Zariya. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake ɗaurawa, ya cire tabarau.

"Mama, jininki ya hau sosai. Wannan ciwon kuma ba na kafaɗa ba ne. Zuciyarki ce ba ta samun isasshen jini in kin yi aikin ƙarfi, shi ne take aika kuka zuwa kafaɗa."

"Likita, zuciya yana nan," in ji Monica, ta dafa ƙirji. Sannan ta dafa kafaɗa. "Ciwo yana nan. Kaya ne."

Ya yi murmushi, ya rubuta mata wata ƙwaya mai suna nifedifin. Ya ce aikinta ta sassauta jijiyoyin jini su buɗe, jini ya wuce ba da ƙarfi ba, zuciya ta huta. Ta sha safe da yamma, kada ta yi fashi, kada kuma ta daina don kanta. Kaya mai nauyi kuwa ta yi sallama da shi. Monica ta ce to. Da suka fito ta ce wa Lydia yaron yana da ladabi, amma mutumin da uwarsa ke ɗaukar tulu a ka, me ya sani game da kafaɗa?

Duk da haka ta sha, kuma gaskiya maganin ya yi aiki. Matsewar ƙirji ta ragu ƙwarai. Sai dai ya zo da nasa. Kai ya riƙa sarawa, fuska ta yi zafi, kafin wata guda ƙafafunta suka kumbura suntum, in ta danna da yatsa sai ramin ya zauna. Silifas ya daina shiga. Tafiyar da ta saba yi ba ta ko lura ba, yanzu daga gida zuwa coci sai ta tsaya sau biyu. Ta koma asibiti, ta tarar da layin ma'aikatan da aka kwaso daga Legas ya kai bakin titi. Ta wuni kafin wata nas ta duba ta a tsaye ta ce maganin ne ke sa haka, ba abin tsoro ba ne, ta riƙa ɗora ƙafa a kan kujera, ta dawo bayan Kirsimeti likita ya duba ko a sauya mata. Matar da ba ta taɓa zama da rana tsaka ba, ga ta zaune ƙafa a kan kujera tana kallon bangon maƙwabci. Abin ya ci mata rai fiye da ciwon.

Manyan doyar an riga an yanke tun damina, maƙwabta suka taya ta. Irin ne ya rage a ƙasa. A watan Disamba, makon da garin ya cika da tutoci ana ta shagalin fadar gwamnati ta tare a Abuja, Lydia ta dawo da labari. Tana aikin girki a wani sabon gida a Maitama, bai fi tafiyar minti ashirin daga gonar ba. Ta ce an shafa jan fenti a dutsen, masu aiki sun ce ranar Litinin katafila za ta shiga.

"Mama, ki jira Sunday, ni zan je in tono."

"Lahadi uku kina cewa haka."

"Oga ne, Mama. Kayansu na ta zuwa daga Lagos, visitors kullum. Amma wannan karon zan roƙi madam."

Monica ta san Lydia ba ƙarya take yi ba, ta kuma san ba Lydia ke da Lahadinta ba. Maƙwabta kowa na fama da kansa. Ta dubi ƙafafunta, ta yi lissafinta irin na manomi. Da maganin ba za ta iya tafiyar ba. In ba maganin, kafaɗa ce kawai za ta yi ciwo, ita kuwa da ciwon kafaɗa tun ba yau ba. Ranar Talata ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Kafin Asabar kumburin ya saɓe, silifas ya shiga.

Asabar ɗin da safe ta bi motar ma'aikata da ƙwaryarta da ƙaramar fartanya, ta sauka a mahaɗar hanya, ta taka sauran. Gonar tana nan, ganye ya bushe daidai yadda ake so. Kunyoyin Enoch ne, ta san hannunsa, yana ɗan karkatar da su wajen gabas. Ta durƙusa ta yi ta tono, tana kakkaɓe ƙasa da tafin hannu, tana zaɓa. Ta cika ƙwaryar da guda arba'in da ɗaya, ta ɗaga ta ɗora a kafaɗar hagu.

Tudun farko ta hau shi lafiya. A na biyu ciwon ya zo. Ta ce a ranta, to, ga shi nan, na san ka. Ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya, ta sauke ƙwaryar ta mayar da ita kafaɗar dama don ta hagu ta huta. Ta yi taku goma, ta yi ashirin. Kafaɗar dama, mai ɗauke da kayan, shiru. Ta hagu, wadda ba komai a kanta, ita ce ke zugi, zugin na gangarawa hannu, yana hawa muƙamuƙi, ƙirji kamar an ɗora masa turmi. Nan ta gane yaron nan na Zariya ya yi gaskiya, sai tsoro ya kama ta.

Da ƙyar ta kai bakin sabuwar kwalta, kusa da inda leburori ke haƙa harsashin gini. Ta ajiye ƙwaryar ta zauna a ƙasa, gumi na zuba. Motoci na ta wucewa. Wani direban ma'aikata, dattijo mai suna Datti, shi ne ya taka birki ya fito.

"Subhanallahi! Mama, me ya same ki?"

Ta dafa ƙirji. Ya dube ta sau ɗaya ya kira lebura biyu suka ɗaga ta. Motar cike take da akwatuna da fayil-fayil na ofis har rufi, kujerar gaba kaɗai ta rage.

"Ɗana, doyana. Ka sa doyana."

"Ba wuri, Mama, kin gani. Ki bar maganar doya, rai ake nema. Doya tana nan cike da kasuwa."

Ta so ta gaya masa ba irin ta kasuwa ba ce, ta so ta ce ya ɗora mata a cinya, amma numfashin da za ta yi maganar da shi babu. Ya rufe ƙofa. Ta gilashi ta ga ƙwaryar zaune a bakin hanya, suka bar ta a nan.

Datti ya yi daidai, kowa ya faɗa, har likita ya ce da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi. Monica ta rayu shekara tara bayan haka, aka sauya mata magani, ba ta sake yin fashi ba, ba ta kuma sake ɗaukar komai a kafaɗa ba. Amma a ranar Litinin ɗin, tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, abu ɗaya take jira. Lydia ta samu an sake ta da rana, ta je wurin, ta dawo da ƙwaryar. Ta tsaya a bakin gado ta kasa zama.

"Gonar fa?" in ji Monica.

"Sun shiga tun safe. Ko dutsen sun fara fasawa."

"Na ƙwarya?"

Lydia ta sunkuyar da kai. "Leburorin sun ɗauka kin bar musu ne. Sun gasa, Asabar da Sunday. Na tona tokar, Mama, ko ɗaya ba ta rage ba." Ta share ido da gefen zane. "Sun ce in gaishe ki. Wai ba su taɓa cin doya mai daɗinta ba, in tambaye ki a wace kasuwa ake samu."

Monica ta juya ta dubi ƙwaryar.

"Ki gaya musu ta ƙare," in ji ta.