Kofin Zamzam da Gyadar Baba

Shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da Baba, gidanmu na Gyadi-Gyadi ya yi shiru, irin shirun da ake jin kukan adaidaita sahu daga titi kamar daga wata duniya. Baba ya daina tuƙi, ya daina cin kusan komai. Kunun gyada kaɗai ke wuce masa.

A asibitin koyarwa, ma'aikaciyar da ke tsara wa marasa lafiya abinci ta ce zai iya sha, amma kada gyadar ta wuce giram talatin a yini. In ta wuce, za ta yi wa ƙodar nauyi.

Mu kuwa ba mu san giram ba. Umma da gwangwanin madara take awo, kuma kamar yadda ake yi mata a kasuwar Tarauni, haka take yi a gida: ta cika har ya yi tozo, sannan ta ɗebo gyara da yatsu ta watsa a kai.

Ina ajin ƙarshe a sakandare lokacin, ba na iya ɗaga ido in kalli baƙo. Amma na daure na shiga wurin maƙwabciyarmu, wata nas mai yin kek na sayarwa, na aro ɗan sikelinta. Na auna soyayyiyar gyada giram talatin, na juye a gwangwanin. Ko rabi ba ta kai ba. Na karta layi da ƙusa daidai wurin.

Umma ta leƙa ciki.

"Wannan zan dama wa ubanki? Sadaka ce?"

"Umma, haka suka ce."

"To su zo su miƙa masa."

Ta gwada, ba ta ƙi ba. Amma kullum sai in ga hannunta ya koma cikin kwanon gyadar shi kaɗai, kamar mai tafiya cikin barci, ya ƙaro. Ranar da na tsaya a kanta ta tsaya a layin, Baba yana kallo daga tabarmarsa. Ya juya fuska bango.

"Uwata," haka yake kirana, "yau ni ake wa awon marowata? Ku sha abinku."

Bai sha ba. Washegari ma haka.

Da la'asar na zauna a tsakar gida ina murza gyada ina hurawa. Jan ɓawon yana tashi cikin hasken rana, yana lilo, ya daɗe bai sauka ba. Na fito da duk wani abu mai rami a gidan na jera: murfin fulas, gwangwanin tumatir, ludayi. Kowanne in cika shi har tozo, in watsa gyara irin ta Umma, in ɗora a sikeli. Duk sun zarce.

Can na tuna da ƙananan kofunan zamzam da kakata Inna, mahaifiyar Baba, ta kawo daga Makka, suna cikin kabad ba mai taɓa su. Na ɗauko ɗaya. Na cika, na yi masa tozo, na watsa gyara. Lambar ta yi rawa, ta tsaya a ƙasa da talatin kaɗan. Na maimaita har aka kira magariba.

Da safe na miƙa wa Umma.

"Ki cika shi yadda kike so. Har da gyarar."

Ta juya kofin a tafinta, ta dube ni. A gaban Baba ta yi awon. Gyada ta hau ta yi tozo, biyu suka gangaro kan tabarma, ta ɗebo gyara ta watsa.

Baba ya tsince biyun ya mayar mata.

"Kofin Inna ne wannan," in ji shi a hankali.

Da kunun ya zo, ya riƙe shi da hannu biyu, tururi na hawa fuskarsa. Ya shanye, ya miƙo mini kwanon ba ko ɗigo.