Ramar Falalu Mai Walda

Falalu mai walda, Allah ya jiƙansa, ya fi kowa girman jiki a unguwarsu a Roni, ya kuma fi kowa taushin zuciya. In ya hau bayan ɗan acaɓa sai ka ji tayar baya tana kuka. Shagonsa na bakin hanyar Kazaure, inda yake ƙera ƙofofi yana gyara garmar shanu. A bayan shagon ya haɗa wa kansa ƙarafan ɗagawa: tsofaffin giyar mota da ƙarafan mataccen injin niƙa, ya zura su a bututu ya liƙe. Bayan la'asar yakan kwanta a benci ya yi ta ɗagawa, abokinsa Daudu na tsaye a kansa ko da ƙarfen zai kuɓuce. In ya gama sai ya shanye ƙwaryar fura, ya bi ta da lemon kwalba. A ganinsa duk abin da ya shiga ciki ƙarfi yake zama.

Da ya doshi shekara arba'in, jiki ya fara yi masa gardama. Ƙarfen da yake wasa da shi ya koma gagararsa. Sai ka same shi yana gyangyaɗi da tabaran walda a goshi. Ƙirji ya saki, teɓa ta hana shi ganin ƙafarsa. Abin da ya fi cin ransa kuwa, zamansa da matarsa Yagana ya koma kamar na wa da ƙanwa. Ya sha jiƙe-jiƙen masu maganin ranar kasuwa har ya gaji, sannan Daudu ya ja shi asibiti a Kazaure. Aka ɗebi jini. Likita ya ce sinadarin mazantaka ne ya yi ƙasa, wanda suke kira testosteron, kuma kitsen ciki na cikin abin da ke danne shi. Ya ce kada ya bar ɗaga ƙarfe, amma ya rage tuwo, ya bar zaƙi, ya riƙa tafiya a ƙasa, ya samu barci. Sai an ga abin da hakan ya yi kafin a yi maganar allura.

Yagana kaɗai ya faɗa wa a gida. Ta sauya tukunya ba tare da ƙorafi ba: wake, kwaɗon zogale, dafaffen ƙwai, tuwo malmala ɗaya. Bayan sallar asuba yakan hau duwatsun bayan gari yana haki kamar zugazugi. Ranar kasuwa ya hau sikelin masu sayen gyaɗa, Daudu na gefe yana cewa, "A cire nauyin buhu, kada a cuci mai kaya!" Kafin a girbe gero ya fara ɗaure wando da igiya. Kasala ta ragu, dariyarsa ta dawo.

To amma a Roni ba a rama don ganin dama. Mutane suka fara tsayawa a shago suna sassauta murya: "Ya jiki, Falalu?" Wadda abin ya fi taɓawa ita ce mahaifiyarsa, Inna Dela. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayarsa abin da ke damunsa ba, don kunya. Abin da take iya yi shi ne ta aika tuwon dawa sashensa, man shanu na iyo a kai. Kwanon ya riƙa dawowa an ɗan taɓa gefe. Tun da ba ta iya tambayar ɗa, sai ta juya kan suruka. Ta daina amsa gaisuwar Yagana da kyau. A gidan suna mata suka fara cewa an mallake Falalu, an raba shi da abincin uwarsa, ana shanye shi a tsaye.

Wata rana ya dawo cin abincin rana ya tarar da Yagana a bakin murhu, ido jawur, kuma ba hayaƙi ba ne.

"Inna ta ce za ta aika a kira Baba Kyari," in ji ta. Mahaifinta ke nan. "Ya zo ya ji abin da nake ba ka."

"Me kika ce mata?"

"In ce me, Baban Rukayya? Sirrinka ne."

Abincin nan bai ciwu ba. Ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke ta. Amma da wane baki ɗan fari zai durƙusa gaban uwa ya yi mata maganar shimfiɗarsa? Ko ya iya, ita ba za ta tsaya ji ba.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci, ya nufi inda kakarsa Tasalla ke shan inuwa, dab da ƙofar Inna Dela. Uwar mahaifinsa ce, abokiyar wasansa, tun yana rarrafe take ce masa mijinta. Kunnenta ya yi nauyi, sai da ihu.

"Wa nake gani kamar maigidana?" in ji ta. "Kai, na fasa auren. Bijimi na aura, an bar ni da kara."

"Tsohuwa, ai gara karan. Bijimin naki na ado ne, ba ya noma."

"Ɗaga murya, ja'iri!"

Ya dubi labulen ɗakin uwarsa, yana jin motsin rariya a ciki. Ya ɗaga murya.

"Na ce mijin naki ya daɗe da zama hoto! Likita ya auna jinina, ya ce ƙarfin maza ya yi ƙasa, teɓar nan ce ta cinye shi. Shi ya hana ni fura da man shanu. Yarinyar can ta rufa mini asiri, ta sha zagi a kaina, ba ta buɗe baki ba!"

Rariya ta tsaya. Tasalla ta yi dariya har da tari.

"To yanzu fa? In jira ka, ko in nemi wani?"

"Ki ɗan jira. Ana samun sauƙi."

"Ka ji mara kunya!"

Can sai muryar Inna Dela ta fito daga ɗaki, kamar da bango take magana: "A faɗa wa mutanen sashen can, zogalen bayan ɗakina ya yi yawa, tumaki ke cinyewa."

Ba a aika wa Baba Kyari ba. Washegari aka ga Inna Dela da Yagana a tabarma ɗaya suna tsinke ganye.

Falalu ya yi shekaru masu daɗi bayan nan, jiki sakayau, gida lafiya. Da aka sake awo likita ya ce ba sai an yi allura ba. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a daminar bara, bai ko daɗe a kwance ba. Da dangin Yagana suka zo tafiya da ita ta yi takaba a gidansu, Inna Dela ta tsaya a bakin zaure ta ce, "'Yata ba inda za ta." A ɗakinta ta yi mata shimfiɗa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba su haƙuri.