Fatar Kalangun Baba

Sana'ata fata ce. Ina saye a mayankar Jimeta da ƙauyukan wajen Namtari, in barbaɗa gishiri, in tara, in loda mota zuwa Kano. Ba wanda ya ba ni jari, da ƙafata na tsaya. Amma har yau in na shiga kasuwa tsofaffi ba sa kirana da sunana. Ɗan mai kalangu suke cewa, wani ma ya rero mini baiti ɗaya na waƙar mahaifina ya tsaya jiran in ƙarasa. Ban taɓa ƙarasa wa kowa ba.

Baba ya yi suna ƙwarai. Rediyo na sa shi, direbobi na sa shi, biki kuwa in bai je ba sai a ce an yi taro kawai. Gidanmu na Yola Gari kullum cike yake da 'yan amshi da masu jiran na goro. Mu 'ya'yansa muna ganinsa ne yadda kowa ke ganinsa, daga nesa, cikin babbar riga. Ina yaro ya taɓa gwada koya mini kiɗa. Ya saurari hannuna na ɗan lokaci, ya karɓe sandar kiɗan, ya ce wannan hannu na ɗaukar kaya ne. Daga ranar aikina ya koma zuwa wurin mahauta in zaɓo fatar da za a ɗaura wa kalangu. A can na koyi ɗaga fata ga rana in ga inda wuƙa ta ci ta. Da wannan kaɗai na bar gidan, kuma ban yi kewar kiɗa ba.

Da rikici ya yi tsanani, bama-bamai suka fara tashi a Jimeta, taro ya zama abin tsoro. Sai a ɗaura aure a yi fatiha kowa ya kama gabansa. 'Yan amshin Baba suka watse, wani ya koma tuƙa keke, wani ya koma gona. Cikin wannan zaman banza ne ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ni na riƙa zuwa ina juya shi, ina yi masa aski. Ba ma wata hira, don ba mu saba ba.

Wata ranar Juma'a wata mata ta yi sallama a zaure. Daga arewacin jihar suka gudo, tana zaune wurin 'yan uwanta a Demsawo. Mijinta babban mahauci ne a garinsu, yana cikin waɗanda Baba ke yi wa kiɗa in ya je can cin kasuwa. An kashe shi a hanyar gudu, ba ta ga gawarsa ba.

A al'adar makaɗa kowane ubangida yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗa nasa shi kaɗai, wanda da ya ji ya san da shi ake. Na manya ne ke shiga kaset. Na irin wannan mahauci a cikin kan makaɗi kawai yake zaune.

Ta ce, "Baba, ba abinci na zo nema ba, ana ba mu. Ba ni da kabarin da zan nuna. Takensa nake so in ji, ko sau ɗaya ne."

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, don ni mutum ne da ba na ɗaukar abin da ba zan iya saukewa ba. Baba ya riga ni. Da karkataccen bakinsa ya ce ta dawo Juma'a mai zuwa, ni kuma in sauko da kalangun.

Da na sauko da shi na tarar fatar ta tsage, ɓera ya cinye tsarkiya, wato igiyoyin da ke ɗaure fatar. Na tafi mayanka na tsaya a kan mai fiɗa da kaina har ya zare mini fatar ɗan akuya ba ko ƙwarzane. Na jiƙa, na kankare gashin, na ɗaura yadda na ga ana yi ina yaro. Wannan bai ba ni wuya ba.

Wuyar ita ce kalangu na son hannu biyu. Dama ce ke bugu, hagu ke matse tsarkiya tana saki, a nan muryar take. Hagun Baba kuwa ta mutu. Na ce a nemo wani makaɗi ya riƙe masa, ya ce kalangunsa ba ya shiga hammatar bare. Ni ke nan. Na zauna a gefensa na rungume kalangun, yana bugu yana ce mini matsa, saki, matsa. Kullum ina makara.

"Kai, buhun gishiri kake ɗaurewa ne?" in ji shi.

"Kai ka ce hannun na ɗaukar kaya ne, Baba."

Ya yi dariya da rabin fuska. Tun da nake ban taɓa zama kusa da shi har in ji numfashinsa ba sai a makon nan.

Ranar Juma'a matar ta zo ta zauna bakin tabarma. Muka buga. Ta karkata kai tana sauraro, ta roƙi a sake. Muka sake, gumi na zubo wa Baba. Da muka gama ta gyara mayafinta.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Ya yi kusa."

Ta sa takalminta ta tafi. Ban san ko hannuna ne ya ɓata shi ba, ko taken ne ya fara goge wa Baba. Shi ma bai faɗa ba. Ya daɗe yana shafa fuskar kalangun da babban yatsa, daga baya ya ce fatar dai ba ta da laifi, bai taɓa buga mai kyanta ba. Iyakar yabon da na samu daga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yabon mutane ke nan.

Bai kai damina ta gaba ba. Bayan sadakar bakwai na je Demsawo neman matar in sanar da ita, aka ce ta koma gida da hanya ta buɗe.

Yanzu biki ya dawo, ko da yake yawanci na'ura ce ke kiɗan. 'Yan makaɗan da suka rage suna zuwa rumfata neman fata, kuma ba na barin kowa ya zaɓa musu sai ni. Kalangun na rataye a can sama, nesa da gishiri. Wani lokaci in ciniki ya lafa nakan sauko da shi in sa a hammata. Hannuna na hagu bai manta ba, ya san inda zai matsa da inda zai saki, tun daga farkon taken har ƙarshe. Sai dai tsarkiyar ce kawai ke ɗan ƙara, don bugun ban riƙe shi ba.